Jaja Wachuku, ministan da ya fara riƙe Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya

A ranar 7 ga Oktoba, 1960, kwana shida bayan an sauke tutar Ingila a Legas, aka karɓi Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin ƙasa ta 99. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da jawabinsa a Babban Zauren Majalisar, ya gana da shugabannin da suka hallara, sannan ya komo gida inda aiki ke jiransa. Wanda aka bar wa ragamar tawagar Najeriya a birnin New York shi ne wani lauya ɗan shekara 42 daga ƙasar Ngwa, Jaja Anucha Wachuku. A lokacin Najeriya ba ta da ministan harkokin waje na musamman, domin Firayim Minista da kansa ke riƙe da wannan kujera, jami'an jakadancin ƙasar kuma ba su taka kara sun karya ba. Cikin shekaru huɗu da suka biyo baya, sunan Wachuku ya haɗu da kusan kowane babban mataki da sabuwar ƙasar ta ɗauka a idon duniya, wanda aka yaba da wanda aka kushe.

An haife shi ranar 1 ga Janairu, 1918, a Nbawsi da ke Jihar Abiya ta yanzu, a gidan sarauta, domin mahaifinsa Josaiah Ndubuisi Wachuku basarake ne a ƙasar Ngwa. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia da Babbar Kwalejin Yaba, ya ɗan zauna a makarantun ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kafin ya tafi Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ireland a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A can ya karanta shari'a, ya yi fice a ƙungiyar muhawara ta kwalejin har ya ci lambar yabo ta iya magana, aka kuma rantsar da shi lauya a 1944. Zaman Dublin ya yi masa tasiri. Ireland ƙasa ce da ta fita daga hannun Ingila da gwagwarmaya, ta kuma ƙi shiga yaƙin duk da matsin lambar maƙwabciyarta, don haka ɗalibi daga ƙasar da ke ƙarƙashin Turawa ya ga da idonsa yadda ƙaramar ƙasa ke kare matsayinta da hujja da takarda. A Oktoban 1945 ya halarci taron haɗin kan baƙar fata karo na biyar a Manchester, inda Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suke cikin masu faɗa a ji.

Ya dawo Najeriya a 1947 ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe. Siyasarsa ta cikin gida ba ta miƙe ɗoɗar ba. Ya shiga Majalisar Jihar Gabas a 1951, daga nan ya wuce Majalisar Wakilai a Legas. Da rikici ya tashi a Gabas a 1953 tsakanin Azikiwe da Farfesa Eyo Ita, ya bi ɓangaren Eyo Ita suka kafa jam'iyyar NIP. Bayan 'yan shekaru ya sake komawa NCNC. Gab da samun 'yanci aka zaɓe shi Kakakin Majalisar Wakilai, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar bayan Bature Sir Frederic Metcalfe. Bai daɗe a kanta ba aka ba shi ministan raya tattalin arziki, Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya gaje shi a shugabancin majalisar.

Kafin a fahimci nauyin da aka ɗora masa, sai an dubi abin da Najeriya ta mallaka na aikin jakadanci a wancan lokaci. A zamanin mulkin mallaka, huldar Najeriya da kowace ƙasa ta hannun Landan take bi. Sai a 1957, shekarar da Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, aka buɗe wani ƙaramin sashe na harkokin waje a ƙarƙashin ofishinsa, aka ɗauki rukunin farko na jami'ai goma sha biyu, cikinsu har da Aminu Sanusi na Kano, John Mamman Garba na Borno, Leslie Harriman da Philip Asiodu. An rarraba su zuwa ofisoshin jakadancin Ingila a ƙasashe daban-daban domin su koyi aiki da ido: yadda ake rubuta rahoto zuwa gida, yadda ake tsara takardar da gwamnati ke aika wa gwamnati, wa ke gaban wa a wurin zama, da abin da ake faɗa a teburin cin abinci da wanda ake bari sai an rufe ƙofa. Ofisoshin da Najeriya ke da su a waje kafin 'yanci buƙatun talakawa ne suka haifar da yawancinsu. Akwai ofishin kwamishina a Landan da wani a Washington, waɗanda ɗawainiyar ɗalibai ta fi yawa a aikinsu. Akwai ofisoshin alhazai a Jidda da Khartoum, saboda dubban mutanen Arewa da ke bin hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can har abada. Akwai kuma wakilci a tsibirin Fernando Po, inda 'yan ƙwadago daga Gabas ke aiki a gonakin koko na Turawan Sifaniya cikin mawuyacin hali. Fasfo da takardar tafiya, mutumin da ya rasu a baƙuwar ƙasa, wanda aka tsare, wanda guzurinsa ya ƙare: da irin wannan aiki jakadancin Najeriya ya fara, tun kafin a zo ga manyan jawabai.

Aikin farko da ya fito da sunan Wachuku shi ne rikicin Kongo. Ƙasar ta sami 'yanci daga Beljiyam a ƙarshen Yunin 1960, sojoji suka yi bore cikin kwanaki, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle a ƙarƙashin Moïse Tshombe, Shugaba Joseph Kasavubu da Firayim Minista Patrice Lumumba kuma kowa ya ce ya tsige ɗan'uwansa. A Nuwamban 1960 aka kafa kwamitin sasantawa na Majalisar Ɗinkin Duniya mai wakilai daga Afirka da Asiya, aka ba Wachuku shugabancinsa, alhali ƙasarsa ba ta cika wata biyu a Majalisar ba. Kwamitin ya isa Kongo a Janairun 1961. Bai samu ganin Lumumba ba, domin yana tsare, kuma a ranar 17 ga watan aka kashe shi a Katanga, aka ɓoye labarin har tsakiyar Fabrairu. Rahoton da kwamitin ya miƙa a Maris ya ba da shawarar a sake kiran majalisar dokoki, a kafa gwamnatin da ta haɗa ɓangarori, a saki fursunonin siyasa, a kuma raba soja da siyasa. A watan Agusta majalisar Kongo ta zauna ta amince da gwamnatin Cyrille Adoula, abin da ya yi daidai da babbar shawarar kwamitin. Sai dai a gida matasa da 'yan ƙwadago da suka yi zanga-zanga a Legas kan kisan Lumumba sun ɗauki matsayin gwamnatinsu a matsayin sanyin jiki, kuma wannan zargi ya bi Wachuku har ƙarshen aikinsa. Sojoji da 'yan sandan Najeriya sun yi aiki a rundunar kiyaye zaman lafiya ta Kongo, kuma Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ne kwamandanta na ƙarshe a 1964.

A Yulin 1961 Tafawa Ɓalewa ya sauke wa kansa kujerar ya naɗa Wachuku Ministan Harkokin Waje da Huldar Ƙasashe Renon Ingila. Wanda ya karɓi wakilcin ƙasa a New York shi ne Alhaji Muhammadu Ngileruma, daga baya kuma Cif Simeon Adebo, wanda ya riƙe ofishin daga 1962 zuwa 1967. A Landan akwai Alhaji Abdulmaliki, a Washington akwai Julius Udochi. A nan ne aka fara gina ma'aikatar a kan tsarin da har yau ake gane ta da shi: minista a sama yana ɗauke da alhakin siyasa a gaban majalisa, babban sakatare yana riƙe da ma'aikata da kuɗi, sassa kuma an raba su bisa yankunan duniya da nau'in aiki, wannan na Afirka, wancan na ƙungiyoyin duniya, wani na tarbar baƙi da tsarin girmamawa, wani na kula da 'yan ƙasa a waje. Malam Isa Wali na Kano yana cikin waɗanda suka riƙe al'amuran Afirka a ma'aikatar kafin a tura shi wakilci Ghana. Wakilin da aka tura ƙasar da ke cikin ƙungiyar renon Ingila ana kiransa babban kwamishina, wanda aka tura sauran ƙasashe kuma jakada, ko da yake aikin ɗaya ne. Ba a tura kowa sai ƙasar da za shi ta amince da sunansa a asirce tukuna. Har zuwa 1 ga Oktoba, 1963, da sunan Sarauniyar Ingila ake rubuta takardun kama aikin jakadun Najeriya, domin ita ce shugabar ƙasa a tsarin mulki. Da aka zama jamhuriya sai suka koma fita da sunan Shugaba Azikiwe.

Lokacin ya zo daidai da wani babban sauyi a dokokin duniya. A Afrilun 1961 aka ƙulla Yarjejeniyar Vienna kan huldar diflomasiyya, wadda ta tattara tsofaffin al'adu ta mayar da su rubutacciyar doka: ba a kama jakada, ba a shiga ofishinsa sai da izininsa, ba a buɗe jakar saƙonsa, amma ƙasar da yake zaune tana da ikon ta ce ba ta buƙatarsa ba tare da ta faɗi dalili ba. A 1962 majalisar Najeriya ta yi tata dokar kan kariya da alfarmar jami'an diflomasiyya. Shekara guda kafin nan an kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa a Legas, domin a samu wurin da masana za su yi tunani a kan abin da jami'ai ba su da sukunin tsayawa su yi.

Matsalar da ta fi ci wa ma'aikatar tuwo a ƙwarya daga cikin gida take. Tsarin mulki ya ba Gwamnatin Tarayya kaɗai ikon harkokin waje, amma jihohi uku na lokacin suna da ƙarfi, kowace tana da wakilinta a Landan, kowane Firimiya kuma yana fita ƙasashen waje ana tarbarsa kamar shugaban ƙasa. Batun Isra'ila ya fi komai bayyana wannan. Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Legas a 1960, jihohin Yamma da Gabas suna hulɗar kasuwanci da noma da ita, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello kuwa ya nesanta Jihar Arewa daga duk wani taimako nata, ya karkata ga ƙasashen Musulmi. Gwamnatin Tarayya ta bi tsakiya, ta bar ofishin Isra'ila a Legas amma ba ta buɗe nata a can ba. Ga kuma lissafin siyasa: Wachuku ɗan NCNC ne a gwamnatin haɗin gwiwa da NPC ke jagoranta, Firayim Minista bai taɓa sakin manyan shawarwari daga hannunsa ba, yana kuma da mai ba shi shawara kan harkokin Afirka a ofishinsa, Dakta K. O. Mbadiwe. Hatta ɗaukar ma'aikata sai an yi awo, domin Arewa ba ta da masu digiri da yawa a lokacin, kuma babu jihar da za ta yarda a ce fuskar Najeriya a waje ta wani ɓangare ce. Cakuɗa ƙwararrun jami'ai da 'yan siyasa a muƙaman jakadanci, wanda har gobe ake muhawara a kansa, daga wannan zamani ya samo asali.

Ya gaji wasu rigingimu, ya kuma buɗe wasu. Watanni shida kafin naɗinsa, a farkon Janairun 1961, Najeriya ta kori jakadan Faransa ta kuma hana jiragen ruwa da na saman ƙasar shigowa, saboda gwajin makamin nukiliya karo na uku da Faransa ta yi a Reggane cikin hamadar Sahara. Matakin ya ɗaga darajar Najeriya a Afirka, amma ya ƙuntata wa maƙwabta irin su Nijar da Chadi waɗanda kayansu ke bi ta tashoshin Najeriya, sai aka janye haramcin jiragen cikin 'yan watanni, hulɗar jakadanci kuwa ta ɗauki shekaru kafin ta dawo. A Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan ɗalibai da 'yan adawa sun tayar da ƙura a kanta. An bar Tarayyar Sobiyet ta buɗe ofishi a Legas, amma an ƙayyade yawan jami'anta. A 1962 Najeriya ta shiga kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamarar yaƙi a Geneva, ɗaya daga cikin ƙasashe takwas da ba sa cikin ɓangarorin Yaƙin Cacar Baka.

A fagen Afirka ne ya fi barin sawu. Nahiyar ta rabu biyu a 1961: rukunin Casablanca na su Ghana, Gini, Mali, Maroko da Masar, inda Nkrumah ke neman a haɗe siyasa nan take, da rukunin Monrovia, wanda Najeriya ke ciki, mai ra'ayin a haɗa kai sannu a hankali, kowace ƙasa da 'yancinta da iyakarta. Taron Legas na Janairun 1962 ya samar da daftarin da ya zama ɗaya daga cikin tubalan kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, wadda aka kafa a Addis Ababa ranar 25 ga Mayu, 1963. Watanni huɗu kafin taron, a ranar 13 ga Janairu, sojoji suka kashe Shugaba Sylvanus Olympio na Togo. Wachuku ya tsaya kai da fata cewa ba za a yi gaggawar amincewa da gwamnatin da ta biyo bayan kisan ba, ya kuma gargaɗi Ghana a fili kada ta taɓa Togo. Kujerar Togo ta zauna babu kowa a Addis Ababa, kundin ƙungiyar kuma ya fito da sashen da ya la'anci kisan siyasa da zagon ƙasa tsakanin maƙwabta. Shekaru uku bayan haka irin wannan ƙaddara ta faɗa wa Firayim Ministan da ya naɗa shi.

A 1964, bayan boren sojojin Tanganyika, Najeriya ta tura bataliya guda bisa roƙon Shugaba Julius Nyerere domin ta maye gurbin sojojin Ingila. A Mayun wannan shekara Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, hukumar da har yanzu ake taruwa a ƙarƙashinta kan ruwa da tsaro. Haka kuma ƙasashen Afirka da Asiya sun yi nasarar faɗaɗa Kwamitin Sulhu daga kujeru 11 zuwa 15 ta hanyar gyaran da aka amince da shi a Disambar 1963, abin da ya ba Najeriya damar zama a kwamitin karo na farko a 1966 da 1967. Ba duka ayyukan ma'aikatar ne suka yi amo a lokacinsu ba. Wata takarda da ta aika wa Kamaru a Maris 1962 kan iyakar ruwa ta kwanta a cikin fayil shekaru da dama, sai ga ta cikin hujjojin da Kamaru ta gabatar a Kotun Duniya a shari'ar Bakassi, wadda aka yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002. Abin da jami'i ya rubuta da sunan ƙasa ba ya tsufa.

Matsayinsa kan Afirka ta Kudu ya jawo masa yabo da suka a lokaci guda. Yana adawa da wariyar launin fata, amma bai yarda cewa rufe kowace ƙofar magana shi ne mafita ba. Lokacin shari'ar Rivonia, da ake fargabar za a yanke wa Nelson Mandela da abokansa hukuncin kisa, ya bi ta hannun Ingila da Amurka yana neman su matsa wa gwamnatin Pretoria. A ranar 12 ga Yuni, 1964, aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Matsin lamba ya fito daga wurare da yawa, don haka masu cewa shi kaɗai ya ceci ran Mandela sun zarce gona da iri, amma nasa ƙoƙarin yana cikin lissafi. Abin da ya fi ɓata shi da takwarorinsa ya zo a Disambar 1964, bayan sojojin laima na Beljiyam sun sauka a Stanleyville da jiragen Amurka domin kuɓutar da waɗanda 'yan tawaye suka yi garkuwa da su. Ƙasashen Afirka da dama sun kai ƙara Kwamitin Sulhu, shi kuwa ya tashi ya kare haƙƙin gwamnatin Kongo, wadda Tshombe ke jagoranta a lokacin, na neman taimako daga inda ta ga dama. Ta fuskar doka hujjarsa tana da ƙafa, ta fuskar siyasar Afirka kuwa ta bar Najeriya kusan ita kaɗai. Mutum ne mai kaifin harshe da yarda da kansa, halin da ke cin muhawara a zaure amma ba kullum yake tara abokai ba.

Bayan zaɓen Disambar 1964 mai cike da rikici, aka sauya masa ma'aikata zuwa ta sufurin jiragen sama, Malam Nuhu Bamalli na Zariya, wanda ya yi ƙaramin minista tare da shi, ya ci gaba da riƙe harkokin waje. A sabon wurin ya yi karo da shugabancin kamfanin jiragen sama na ƙasa, da ya ga bai samu goyon bayan da yake nema ba sai ya ajiye aiki ranar 14 ga Janairu, 1966. Washegari aka yi juyin mulkin da ya kawo ƙarshen Jamhuriya ta Farko. A lokacin Yaƙin Basasa yana ɓangaren Biyafara tare da mutanensa, inda ya saɓa da shugabannin ɓangaren kan sanya yara cikin soja har aka tsare shi. Ma'aikatar da ya taimaka aka gina kuwa ta shiga jarrabawa mafi tsanani a waɗannan shekaru, domin jami'ai da dama 'yan Gabas sun bar ta, waɗanda suka rage kuma, ƙarƙashin Dakta Okoi Arikpo, suka yi aikin hana ƙasashe amincewa da ɓallewar. Ƙasashe biyar kaɗai suka amince da Biyafara.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 mutanen yankin Aba suka zaɓe shi sanata a jam'iyyar NPP, ya kuma shugabanci kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa. Sabon tsarin mulki ya wajabta cewa sai majalisar ta amince kafin a naɗa jakada, ya kuma shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, wato abin da a zamaninsa na minista ake yi da lissafin siyasa ya zama rubutacciyar doka. A majalisar ma bai bar ra'ayinsa na tattaunawa da Afirka ta Kudu ba, a daidai lokacin da Najeriya ke sahun gaba wajen matsa wa gwamnatin wariya, kuma hakan ya jawo masa fushin abokan aikinsa. Juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, ya rufe babin siyasarsa, ya koma aikin lauya da al'amuran ƙasar Ngwa, inda yake riƙe da sarautar Ugo Ngwa.

Ya rasu a Enugu ranar 7 ga Nuwamba, 1996, yana da shekara 78, aka binne shi a Nbawsi. A lokacin ma'aikatar ta riga ta koma Abuja, tana kula da ofisoshin jakadanci a kowace nahiya. A bikin cikar Najeriya shekara 50 da 'yanci a 2010, Gwamnatin Tarayya ta sanya sunansa cikin mutanen da ta karrama bayan rasuwarsu.